Tambayar da Baba Usaini Bai Samu Ya Yi Ba

Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Mas'uda a wani asibiti a garin Gashua. 'Yar Nguru ce, aiki ne ya kawo ta. Shekararta bakwai tana ɗakin maza, inda yawancin waɗanda ake kwantarwa masu ciwon ƙoda ne.

Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin nan ya san ta. Sauran nas-nas Sista ake ce musu, ita kuwa Malama ake kiran ta. Ba ta soka wa mutum allura sai ta yi bisimilla. In marar lafiya ya yi nauyi, ita ake nemowa ta zauna a gefensa tana laƙƙana masa kalmar shahada. Ta sha gaya wa ƙawayenta cewa babu inda take jin kusanci da Allah kamar wannan lokacin, hannun bawa yana cikin nata, ransa yana shirin fita.

Kuma gaskiya take faɗa. Mas'uda ba maƙaryaciya ba ce, ba kuma malalaciya ba. Wata rana gado talatin ne a kansu, ita da nas ɗaya, ba ta zauna sai ƙafarta ta kumbura. Sai dai sunan nan na Malama ya yi mata daɗi, har ta fara yi wa marasa lafiya wani irin awo da ba ya cikin aikinta. Tana lura da wanda ke riƙe da carbi da wanda ba ya riƙewa.

Wata Talata da hantsi aka kawo wani tsoho daga Katuzu a bayan a-kori-kura. Sunansa Usaini, masunci ne, ya haura shekara saba'in. Ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta cika, fitsari ya ƙi fita. Matarsa Meram ce kaɗai ta biyo shi, da tabarma da buta da ƙullin kaya.

Likita ya duba shi ya ce a sa masa robar fitsari. Aka sa, aka rataye jakar a ƙarfen gado.

Baba Usaini ba mai surutu ba ne. Hausarsa ma da nauyi, harshen Bade ya fi zama a bakinsa. In an ba shi magani ya ce an gode. In an soka masa allura ya ce sannu da aiki. Mas'uda ta so shi a kwanakin farko, har takan tsaya ta tambaye shi labarin kogi.

A rana ta huɗu ne ta lura da wani abu.

In an kira salla a masallacin asibiti, ɗakin yakan motsa. Mai iya tashi ya tashi, mai zama ya gyara zama, 'yan jinya su shiga neman buta. Baba Usaini kuwa sai ya ja bargo ya juya fuskarsa bango. Azahar haka, la'asar haka. Ta sa masa ido kwana uku, ba ta ga ya ɗaga hannu ya yi kabbara ko sau ɗaya ba.

Ta ce a ranta, tsoho da furfura, ƙafa ɗaya a kabari.

Hirar kogi ta ƙare daga ranar.

Ranar Litinin da ta biyo baya tana auna masa jini, sai ya ɗago kai a hankali.

"Malama, ina da tambaya."

"Ta magani ce, Baba?"

"A'a. Ta addini ce."

Ta ɗan ji sanyi a ranta, ta ce wataƙila Allah ya taɓa zuciyarsa. Amma akwai mutum goma sha biyu da ba ta auna ba, ga wani a gadon ƙarshe ƙarin ruwansa ya tsaya.

"Bari in gama zagaye, Baba, zan dawo."

"To, 'yata. Ina nan."

Ta gama zagaye, aka kira azahar, ta tafi ta yi salla. Ta tsaya ta yi lazimi, ta ƙarasa karatun da ta ɗaukar wa kanta kullum. Da ta dawo lokacin tashi ya yi, ta miƙa aiki ga masu karɓa ta tafi gida. Sai da ta hau babur ta tuna, ta ce gobe.

Gobe ta zo da nata aikin.

Bayan kwana biyar ya sake gwadawa. Ta zo juye jakar fitsarin, ya bi hannunta da kallo, kunya ta rufe masa fuska. Ya nuna robar da yatsa.

"Malama, wannan abin da aka sa mini..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta saba da tsofaffi masu son a cire musu.

"Baba, kada ka taɓa ta. Likita ne ya sa, shi zai ce a cire. Ka yi haƙuri kawai."

"Ba ciwo take mini ba, dama..."

"To alhamdulillahi tunda ba ta ciwo."

Ta ɗauki bokiti ta wuce. Meram tana zaune a tabarma a gindin gadon, ta bi ta da ido har ta fita.

Abin da ya fi muni ya faru ne ranar wata Juma'a. An tafi masallaci, ɗakin ya yi shiru, sai marasa lafiya da mata 'yan jinya. Mas'uda tana jera magani a kan tire tare da abokiyar aikinta Rahima, tsakaninsu da gadon Baba Usaini bai fi taku huɗu ba. Ta ga ya ja bargon nan ya juya bango kamar kullum. Ranta ya ɓaci.

Ta ɗaga murya yadda za a ji, ba tare da ta kalle shi ba.

"Rahima, ni abin da ke ba ni tsoro a aikin nan, ka ga mutum Allah ya kwantar da shi, ya ba shi lokacin tuba, amma ko goshinsa ba zai kai ƙasa ba. Me zai je ya ce?"

Rahima ta taɓa ta da gwiwar hannu. "Ke, a hankali mana."

"Gaskiya ce ai. In ba mu faɗa ba, mu ma za a tambaye mu."

Bargon bai motsa ba. Ranar Mas'uda ta koma gida tana jin ta sauke nauyi, ta yi wa'azi ba ta kama suna ba.

Daga nan Baba Usaini bai ƙara kiran ta ba. Yana dai ce mata sannu da aiki.

Kwanansa ashirin da uku a ɗakin. Jikin ya ƙi, likita ya ce sai dai a kai shi babban asibitin Nguru. Mas'uda ce ta haɗa takardunsa ta sa hannu. Da ana ɗora shi a mota ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga masa. Kafin la'asar an kwantar da wani a gadon.

Bayan mako guda ta samu hutun kwana uku, ta tafi Nguru wajen mahaifiyarta. Da safiyar Asabar tana shara a tsakar gida wayarta ta yi ƙara. Abdussalam ne, wani nas da suka yi makarantar koyon jinya tare, yanzu yana aiki a asibitin da aka kai tsohon.

Bayan gaisuwa ya ce, "Na ga sa hannunki a takardar wani dattijo, Usaini daga Katuzu. Kin tuna shi?"

"Na tuna. Yaya jikin nasa?"

"Allah ya yi masa rasuwa shekaranjiya."

Ta yi salati, ta yi masa addu'a. Sannan ta ƙara da abin da ke ranta. "Allah dai ya sa ya tuba kafin ya cika. Kwana ashirin da uku a wurinmu, ban ga ya yi salla ba."

Abdussalam ya yi ƙasa da murya.

"Mas'uda, kina gari?"

"Ina gida."

"Ki zo bakin asibiti. Maganar ba ta waya ba ce. Kuma matarsa tana neman ki."

Ta same shi a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya kusa da ƙofa, da farar rigarsa. Suka zauna a benci, ya ba ta labari.

Ya ce ranar da aka kawo tsohon, da aka kira la'asar, ya ga ya ja bargo. Sai ya je ya zauna a bakin gadon ya ce, "Baba, in kawo maka ruwan alwala ne, ko dutsen taimama zai fi maka sauƙi?"

Can sai ya ga bargon yana rawa. Da ya yaye, ashe kuka tsohon yake yi.

Abdussalam ya ja labule ya zauna. Da ƙyar, da Hausa da Bade a haɗe, Meram tana cike masa, maganar ta fito.

Tun ranar da aka sa masa robar, Baba Usaini ya ɗauka ba shi da tsarki. Fitsari yana fita daga jikinsa ba tsayawa, ga jakar a rataye a gefensa. Ya tambayi wani ɗan jinya a gadon kusa da shi, mutumin ya ce masa ai mai najasa a jiki ba ya salla, ya bari sai an cire. Shi kuma ya ji tsoron ya tsaya gaban Allah da ƙazanta. Kullum yana sa ran gobe za a cire. Kullum in an kira salla sai ya rufe fuska, don ba ya iya kallon mutane suna yi shi ba ya yi.

"Mutumin nan," in ji Abdussalam, "matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin salla ta wuce shi ba. Ko yana tsakiyar ruwa sai ya fito gaɓa. Ya ce mini ciwon ƙodar bai dame shi kamar wannan ba."

Mas'uda ta ce, "Me ka ce masa?"

"Abin da ke ma kin sani. Na ce Baba, wannan lalura ce, Allah bai ɗora maka abin da ba za ka iya ba. Ka yi alwala in za ka iya, in ba za ka iya ba ka yi taimama, ka yi sallarka a kwance da nuni, robar tana jikinka. Bai yarda ba sai da na kira limamin masallacinmu ya maimaita masa. Duka-duka bai kai minti goma ba."

Minti goma. Ta ji maganar har cikin ƙashinta.

Abdussalam ya ci gaba. Ya ce da tsohon ya yi kabbarar farko, sai da duk ɗakin ya juyo, don da ƙarfi ya yi ta. Da ya sallame ya ce a lissafa masa sallolin da suka wuce shi. Kwana ashirin da uku, salla ɗari da goma sha biyar. Liman ya ce ya bi a hankali gwargwadon ƙarfinsa. Shi kuwa ya sa Meram ta tsinto tsakuwa ɗari da goma sha biyar a harabar asibiti ta zuba a kwano. Duk wadda ya rama, ta cire tsakuwa ɗaya ta jefar.

"Kwana bakwai ya yi a wurinmu. In na zo ba shi magani sai in tsaya ya sallame. Wani lokaci numfashi ya ƙi, ya huta, ya sake tayarwa. A cikin salla ya fita hayyacinsa, bai ƙara farfaɗowa ba."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Matarsa tana unguwar Hausari, gidan wani ɗan'uwansa, a nan aka yi jana'iza. Yau kwana uku. Ki je, akwai saƙonki."

Ba ta san yadda ta kai gidan ba. Ta tarar da mata a tsakar gida ana rabon gumba. Aka nuna mata wani ɗaki. Meram tana zaune a kan tabarma, ta rame, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Tana ganin ta ta gane ta.

"Malamar Gashua. Kin zo."

Mas'uda ta durƙusa. "Iya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Amin. Haƙuri sai ma'abocinsa." Ta gyara zama. "Ya bar miki magana. Ya ce in na gan ki in ce miki ya koma salla, kada ki ci gaba da damuwa da shi."

Mas'uda ta sunkuyar da kai.

"Ranar Juma'ar nan da kika yi magana," Meram ta ci gaba, "bai ci abinci ba har washegari. Na ce masa bari in je in gaya mata dalili. Ya ce a'a, yarinyar nan gaskiya ta faɗa, tsoron Allah ne ya sa ta faɗa. Kullum cewa yake ke ce mai ilimi a ɗakin, ke yake so ya tambaya. Yana jiran ki samu sarari."

Sai ta jawo bakin mayafinta, ta kwance wani ƙulli, ta zube shi a kan tabarma. Tsakuwoyi ne ƙanana, irin na harabar asibiti.

"Arba'in da ɗaya suka rage. Na kasa zubarwa. Ke kin yi karatu, 'yata, ki gaya mini. Allah zai tambaye shi waɗannan?"

Shekara bakwai Mas'uda tana ba mutane amsa a bakin gado. Ranar ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai kuka. Matan da ke ƙofa suka leƙo suna mamaki, nas ce take kuka haka a kan marar lafiyar da ba danginta ba.

Da ta samu murya ta ce, "Iya, Allah ya ga niyyarsa. Ya mutu yana biya, kuma rahamar Allah ta fi wannan yawa. In akwai wanda za a tambaya a kan tsakuwar nan, ni ce."

"Ke kuma?"

"Ya ce yana da tambaya, na ce zan dawo, ban dawo ba. Ya nuna mini robar, na katse shi. Amsar tana bakina tun ranar farko. Na zauna ina yi masa hukunci a raina, ban taɓa tambayar sa me ya hana shi ba. Ki yafe mini."

Meram ta kai hannu kan tsakuwoyin. Ta fara tattara su ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa cikin mayafin.

"Sau biyu ya kira ki. Ina zaune."

"Na sani, Iya."

"Shi bai riƙe ki ba, wannan na tabbata. Ni kuwa ba zan yi miki ƙarya a ɗakin takaba ba. Kwana ashirin da uku ina kallon sa yana kuka a ƙarƙashin bargo. Ki ba ni lokaci."

Ta ɗaure ƙullin. Da Mas'uda ta tashi tafiya, Meram ta ce mata, "Allah ya kai ki gida lafiya."

Ranar Litinin Mas'uda ta koma Gashua. Da ta shiga ɗakin maza, kafin ta taɓa tiren magani, ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya. Mutum tara ne ke da robar fitsari a ranar. Ta ja kujera ta zauna a gefen kowannensu, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, kana samun yin salla kuwa? Ko akwai abin da ke hana ka?"

Biyar suka ce suna yi. Ɗaya ba ya cikin hayyacinsa. Uku suka sunkuyar da kai.

Na farko manomi ne daga Jakusko, kwanansa goma sha ɗaya bai yi ba. Na biyu ya ce shi yana yi, amma a ransa ya ɗauka ba a karɓa, yana yi ne don kada a yi da shi. Na ukun ya kalle ta ya ce, "Malama, dama ana yi da ita?"

Ta yi musu bayani, ta aika aka kira liman, ta sa aka samo dutse mai tsabta aka ajiye a kan teburin nas. Sannan ta shiga ɗakin canza kaya ta rufe ƙofa.

Rahima ta same ta a can zaune a ƙasa.

"Lafiya, Malama?"

"Uku a rana ɗaya, Rahima. Shekarata bakwai a ɗakin nan. Mutum nawa ke nan suka wuce ta hannuna?"

Rahima ta zauna kusa da ita.

"Don Allah ki daina ce mini Malama," in ji Mas'uda. "Ki ce Sista, kamar kowa."

Har yau tana aiki a ɗakin. Duk wanda aka kwantar, bayan ta tambaye shi inda ke masa ciwo, sai ta ja kujera ta tambaye shi abin da ke damun ransa, kuma ba ta tashi sai ya gama magana. Ta je Katuzu sau biyu gaishe da Meram. A zuwa na biyu tsohuwar ta ba ta ruwa, ta tambaye ta aiki, ta raka ta har bakin ƙofa. Maganar yafiya dai ba ta taso ba, Mas'uda kuma ba ta ga tana da bakin sake roƙo ba.

Darasi: Kada ka yanke wa bawan Allah hukunci da abin da idonka ya gani alhali ba ka tambaye shi dalili ba. Wanda ka ɗauka ya yi nisa da Allah, wataƙila tsoron Allah ne ya rufe masa baki. In marar lafiya ya ce yana da tambaya, ka tsaya ka ji, domin sauraron nan ibada ne, kuma ba kowane "zan dawo" ne ke tarar da mai jira ba. Marar lafiya kuma ya sani, salla ba ta faɗuwa saboda roba ko rauni, a tambayi malamai yadda ake yi. Ku tura wa ma'aikatan jinya da duk mai ɗan'uwa a gadon asibiti, wataƙila akwai wanda ya rufe fuska yana jiran a tambaye shi.